Mariƙin famfon da ya tona asirin kwalara: Me ya sa hukumomin Landan suka shekara 12 ba su yarda ba?

A yammacin Alhamis, 7 ga watan Satumban 1854, wani likita mai suna John Snow ya nemi izinin yin magana a gaban kwamitin da ke kula da unguwar St James a birnin Landan. Abin da ya roƙa bai taka kara ya karya ba, so yake a cire mariƙin famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin titin Broad Street.

A lokacin mako guda ke nan da ɓarkewar cutar amai da gudawa, wato kwalara, a yankin Soho. Cikin kwana uku na farko mutum 127 suka mutu. Kafin 10 ga wata adadin ya kai 500. Duk mai wurin gudu ya gudu, aka kulle shaguna, tituna suka zama kufai.

'Yan kwamitin ba su gamsu da hujjar likitan ba, amma da yake dabara ta ƙare musu, washegari aka cire mariƙin.

A nan galibin masu ba da wannan labari ke tsayawa, su ce likita ya gano gaskiya, hukuma ta saurare shi, annoba ta gushe. Sai dai ba haka abin ya ƙare ba. Da cutar ta lafa an mayar da mariƙin, hukumar lafiya ta ƙasa ta yi fatali da binciken, shi kuwa Snow ya mutu ba tare da manyan likitocin zamaninsa sun gaskata shi ba.

Wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalin masana zamantakewar al'umma, domin yana nuna yadda birni ke sanin abin da ke kashe mutanensa, da abin da ke sa hukuma ta karɓi wani sani ta ture wani.

Birnin da ya cika ya batse

A 1801 mazauna Landan kusan miliyan ɗaya ne. Zuwa 1851 sun haura miliyan biyu, kuma babu birnin da ya kai shi yawan jama'a a duniya. Masana'antu sun janyo mutane daga ƙauyuka, aka cusa iyali guda a ɗaki guda, wani lokaci ma fiye da haka.

A Soho, shanun tatsa da mahauta da wuraren dafa ƙashi da kitse duk suna cikin unguwa tare da mutane. Kusan kowane gida na da ramin masai a ƙarƙashinsa ko a bayansa. An ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan ramuka kimanin 200,000 a birnin. Kuɗin masu yasar masai ya yi wa talaka yawa, don haka ramukan kan cika su tumbatsa.

Kwalara ta fara shiga Ingila a 1831. Ta dawo a 1848, inda ta kashe fiye da mutum 14,000 a Landan kaɗai kafin ƙarshen 1849. Ta sake dawowa a 1853.

A wancan zamani likitoci da jami'an gwamnati da 'yan jarida sun yi ittifaƙi a kan abu guda, cewa gurɓatacciyar iska da ke tasowa daga ruɓaɓɓun abubuwa ita ke kawo cutar. Kuma ba wauta ba ce ta sa suka ɗauki wannan ra'ayi. Duk unguwar da ta fi wari ita ta fi yawan mace-mace, kowa na gani da idonsa, yana ji da hancinsa.

Jagoran masu wannan ra'ayi shi ne Edwin Chadwick, wanda rahotonsa na 1842 kan halin ƙazanta da ma'aikata ke rayuwa a ciki ya girgiza ƙasar. A ganinsa duk inda wari yake cuta na nan, don haka maganin shi ne a fitar da ƙazanta daga gidaje ko ta halin ƙaƙa. Aka rufe dubban ramukan masai, aka haɗa gidaje da magudanan ruwan sama, waɗanda kuma ke zuba a Kogin Thames. Daga wannan kogi ne kamfanoni da dama ke ɗebo ruwan da suke sayar wa jama'a.

Garin neman gira, hukuma ta rasa ido.

Likitan da ya bi gida-gida

An haifi John Snow a 1813 a birnin York, ɗan wani lebura ne. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon aiki wurin wani likita a Newcastle, kuma a can ya fara ganin ɓarnar kwalara a tsakanin masu haƙar kwal. Daga baya ya yi suna a Landan a fannin maganin sa barci lokacin tiyata, har shi ne ya shaƙa wa Sarauniya Victoria maganin rage zafin naƙuda a 1853.

Tun a 1849 ya wallafa wani ɗan littafi yana cewa kwalara ba ta iska take shiga jiki ba. Hujjarsa mai sauƙi ce. Da shaƙar ta ake yi, da huhu ne zai fara kamuwa. Tunda a ciki take farawa, to ta baki ta shiga, kuma daga bayan gidan marar lafiya take komawa bakin mai lafiya, galibi ta hanyar ruwan sha.

Da annobar Soho ta ɓarke, Snow, wanda gidansa ba shi da nisa da wurin, ya je ofishin rajistar haihuwa da mutuwa ya karɓi jerin mamata. Ya ɗauki mutum 83, ya bi adireshinsu gida-gida yana tambayar inda suke ɗebo ruwa.

Ya tarar cewa 73 daga cikinsu famfon Broad Street ne mafi kusa da su. A cikin goman da suka rage, iyalan biyar sun shaida masa cewa da gangan suke tsallake famfon unguwarsu su aika a ɗebo na Broad Street, saboda ya fi daɗin sha. Uku kuma yara ne da ke karatu kusa da famfon.

Waɗanda ba su kamu ba ma sun zama hujja. Wani gidan gajiyayyu da ke titin Poland Street na ɗauke da mutum 535, annoba ta kewaye shi ta kowane ɓangare, amma biyar kawai suka mutu. Gidan na da rijiyarsa. A kamfanin giyar da ke kan titin Broad Street, cikin ma'aikata sama da 70 babu wanda ya mutu, domin ba sa shan ruwan famfon. Wata masana'antar kayan harsashi da ke kan titin kuwa, wadda ke ajiye wa ma'aikata ruwan famfon a manyan mazubai, ta yi asarar mutum 18.

Sai kuma labarin wata dattijuwa da ke zaune a Hampstead, can nesa da Soho, inda babu kwalara. Ta taɓa zama a Broad Street, kuma saboda son ruwan wurin kullum ana kai mata shi a cikin kwalba. Ta sha, ta rasu ranar 2 ga Satumba. Wata 'yar uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha, ta koma gidanta a wata unguwar daban, ita ma ta rasu. Ba su shaƙi iskar Soho ba, ruwanta kawai suka sha.

A daidai lokacin Snow na wani binciken a kudancin birnin, inda kamfanoni biyu ke raba ruwa a tituna guda. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibar ruwansa can saman kogi a 1852, inda ƙazantar birni ba ta kaiwa. Kamfanin Southwark and Vauxhall kuwa na ɗiba a Battersea, tsakiyar ƙazantar. A makonni bakwai na farkon annobar 1854, a kowane gida 10,000 da ke shan ruwan Southwark and Vauxhall mutum 315 suka mutu, a na Lambeth kuma 37.

Malamin cocin da ya zo ƙaryata shi

Duk da haka hujjar Snow na da giɓi. Ya duba ruwan famfon bai ga wani abin a zo a gani ba. Bai iya nuna yadda cutar ta shiga rijiyar ba. Kuma shi da kansa ya amsa cewa annobar ta riga ta fara sauka kafin a cire mariƙin, tunda galibin mazauna titin sun tsere.

Wanda ya cike giɓin ba likita ba ne. Henry Whitehead matashin malamin coci ne a Cocin St Luke da ke unguwar, bai kai shekara 30 ba. A kwanakin annobar yana shiga gidajen marasa lafiya dare da rana, ya san mutane da sunayensu, ya san wane ne ya gudu da inda ya nufa. Shi kansa ya sha ruwan famfon bai kamu ba, saboda haka da ya karanta rubutun Snow sai ya ɗaura ɗamarar ƙaryata shi.

Ya shafe watanni yana bin mazauna Broad Street, har da waɗanda suka ƙaura, ya tattauna da kusan mutum 500. Wasu gidajen ya koma sau da dama, domin mutane kan manta ko su ji nauyin faɗa. Wata uwa za ta ce ba sa shan ruwan famfon, sai ƙaramar 'yarta ta tuna cewa ita ake aika ɗebowa. Irin wannan bayani baƙo mai riƙe da takardar gwamnati ba zai taɓa samu ba.

Da ya haɗa lissafi, sai ya ga sakamakon ya ba Snow gaskiya.

Sannan yana duba rajistar mamata ya ci karo da wata jaririya 'yar wata biyar a gida mai lamba 40, wanda famfon ke ƙofarsa. Ta fara gudawa ranar 28 ga Agusta, kwana uku kafin annobar ta ɓarke. Mahaifiyarta ta shaida masa cewa takan jiƙa ƙyallayen jaririyar a bokiti, ta zuba ruwan a ramin masan da ke gaban gidan.

A watan Afrilun 1855 aka tona wurin. Aka tarar bulon ramin ya zaizaye, ƙazanta na tsiyaya ta cikin ƙasa, kuma tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba.

Akwai wani abu da Whitehead ya lura da shi. A ranar da aka cire mariƙin, mahaifin jaririyar ya kwanta da cutar, aka ci gaba da zuba ƙazanta a rami guda. Da famfon na aiki, mai yiwuwa da annobar ta sake tashi.

Kwamitin binciken unguwar, wanda Snow da Whitehead ke ciki, ya kammala da cewa ruwan rijiyar ne sanadi.

Abin da hukuma ta aika a nemo

Babbar hukumar lafiya ta ƙasa ita ma ta tura masu bincikenta Soho. Sun yi aiki tuƙuru, sun shiga ɗaruruwan gidaje. Sai dai umarnin da aka ba su ya fi karkata ga wari da shigar iska da cunkoso da kusancin mahauta. Abin da aka aike su nema shi suka samo. A rahotonsa na 1855, kwamitin kimiyya na hukumar ya ce bai ga dalilin karɓar ra'ayin Snow ba. Ko mutuwar dattijuwar Hampstead sai aka fassara ta da cewa gubar da ke cikin iska ce ta shiga ruwan.

Hukumar kula da magudanan ruwa kuwa ta riga Snow zana taswirar mace-macen. Jita-jita ta bazu a unguwar cewa haƙan sabuwar kwata ne ya tono tsohuwar maƙabartar waɗanda annobar 1665 ta kashe. Injiniyan hukumar, Edmund Cooper, ya zana taswirar ne don wanke ma'aikatarsa daga zargi, kuma ya wanke ta. Gidajen mamatan na nan kewaye da famfon a kan takardarsa, amma ba wannan tambayar aka ba shi ba. Shahararriyar taswirar Snow sai a watan Disamba ta fito, wata uku bayan cire mariƙin.

Wani likita ɗan ƙasar Poland, Ludwik Fleck, ya yi bayani a littafinsa na 1935 cewa masana ba ɗaiɗaiku suke tunani ba, a ƙungiyance suke yi, kuma horon da ƙungiya ta ba mutum shi ke nuna masa abin da zai ɗauka hujja da abin da zai ɗauka shirme. A 1962 Ba'amurke Thomas Kuhn ya faɗaɗa batun, ya nuna cewa idan sabon sakamako ya ci karo da tsarin da masana suka saba, da farko gyara fassararsa ake yi don ya dace da tsarin.

William Farr, babban masanin ƙididdiga na ofishin rajista, misali ne. Ya gano cewa unguwannin da ke kwari kusa da kogi sun fi na kan tudu mace-mace. Alƙalumansa daidai ne, amma ya fassara su da cewa mugunyar iska ce ke taruwa a kwari. Alhali mutanen kwarin su ne ke shan ruwan kogi mafi ƙazanta.

Akwai kuma batun kare martabar ma'aikata. Hukumar da ta shafe shekaru tana tura ƙazanta cikin kogi, karɓar maganar Snow tamkar amsa cewa da hannunta a mutuwar dubbai ne. Kamfanonin ruwa kuma na da masu kare su a majalisa.

Snow ma ya ba abokan hamayyarsa dama. A 1855 ya ba da shaida a gaban kwamitin majalisa cewa warin masana'antun dafa ƙashi da jima ba ya kawo annoba. Mujallar likitoci ta The Lancet ta yi masa wankin babban bargo, aka riƙa kallonsa a matsayin mai kare masu kuɗi.

A wannan shekara ta 1854, wani masani a birnin Florence na Italiya, Filippo Pacini, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita a hanjin mamata, ya kuma wallafa. Ba wanda ya kula, sai da Bajamushe Robert Koch ya sake gano ta shekara 30 bayan nan.

Warin da ya tashi 'yan majalisa

Snow ya rasu a watan Yunin 1858 yana da shekara 45. Gajeriyar sanarwar rasuwarsa a The Lancet ko ambaton kwalara ba ta yi ba. Sai a 2013 mujallar ta wallafa gyara.

A makonnin da ya rasu aka yi tsananin zafi a Landan, ruwan Thames ya ja baya, wari ya turnuƙe birnin. Ginin majalisar dokoki a bakin kogin yake. Aka jiƙa labule da sinadarin kashe wari, bai hana ba, 'yan majalisa suka riƙa ficewa da hankici a hanci.

Aikin da aka shekara da shekaru ana jan ƙafa a kansa, cikin kwana 18 aka zartar da dokarsa. Injiniya Joseph Bazalgette ya jagoranci gina manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa masu tsawon kusan kilomita 130, waɗanda ke kwashe ƙazanta zuwa gabashin birnin, nesa da inda ake ɗibar ruwan sha.

Don maganin wari aka yi aikin, bisa ra'ayin da Snow ya ce kuskure ne. Amma ya raba ƙazanta da ruwan sha, abin da Snow ke nema tun farko. Mutuwar ɗaruruwan talakawan Soho ba ta motsa majalisa ba, sai da abin ya taɓa hancin masu mulki.

A 1866 kwalara ta dawo, ta kashe fiye da mutum 5,000, galibi a gabashin birnin inda ba a kammala magudanan ba. A wannan karo Farr ya jera mamatan bisa kamfanin da ke ba su ruwa, nan take ya ga yatsa na nuna kamfanin East London. Aka manna sanarwa cewa kowa ya tafasa ruwa kafin ya sha. Bincike ya nuna kamfanin ya raba ruwan da ba a tace ba daga wata buɗaɗɗiyar matattara. Cikin waɗanda aka gayyato don taimaka wa binciken har da Whitehead.

Daga nan kwalara ba ta sake zama annoba a Landan ba.

Daga Haiti zuwa Kano

Irin wannan tirka-tirka tsakanin abin da mutanen unguwa suka gani da abin da hukuma ta yarda ta faɗa ba ta tsaya a ƙarni na 19 ba.

A watan Oktoban 2010 kwalara ta ɓarke a Haiti, ƙasar da ta fi shekara 100 ba ta ga cutar ba. Tun makonnin farko mazauna yankin Mirebalais da 'yan jarida suka nuna sansanin dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal, inda ƙazanta ke malala cikin wani rafi da ke zuba a Kogin Artibonite. Majalisar ta shekara kusan shida tana musantawa. Kusan mutum 10,000 suka mutu, kuma sai a watan Disamban 2016 Sakatare Janar Ban Ki-moon ya nemi afuwar al'ummar ƙasar.

A Kano kuma, cikin watan Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara bayyana cewa gawarwakin da ake kawowa sun zarce yadda aka saba. Da farko gwamnatin jihar ta danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Da yake ana gaggauta jana'iza kuma ba kasafai ake rajistar mutuwa ba, sai da masu bincike suka bi gidaje suna tambayar iyalan mamata, irin aikin da Whitehead ya yi. A watan Yuni Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce mutum 979 ne suka rasu, kuma akwai yiwuwar kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona.

Ita kwalara kuwa yanzu ba a jayayya a kan sanadinta, amma ba ta daina kisa ba. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 3,600 suka mutu, kuma jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara ne kan gaba.

Masana tsaftar muhalli kan ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A tsofaffin unguwannin da gida ke manne da gida, sau da yawa katanga ce kawai ke raba rijiyar wani da masan maƙwabcinsa. Inda famfon gwamnati ya ƙafe kuma, 'yan garuwa ne ke shayar da unguwa, kuma mai saye bai cika sanin inda aka cika jarkar ba.

Mai unguwa ya san gidan da aka fara kwanciya. Ɗan garuwa ya san rijiyar da ya ɗebo da gidajen da ya kai wa. Mai kemis ya san ranar da aka fara rububin gishirin ORS. Liman da mai haƙa kabari sun san adadin jana'izar mako. Abin da ya rage shi ne ko akwai jami'in da aikinsa ne ya tambaye su, da kuma ofishin da zai karɓi amsar ko da ta shafi ma'aikatarsa.

A Landan, titin Broad Street yanzu sunansa Broadwick Street, kuma an kafa kwaikwayon famfon marar mariƙi kusa da inda na asalin yake. Kowane watan Satumba ƙungiyar John Snow Society kan shirya lacca, inda ake cire mariƙin wani famfo sannan a mayar da shi, don tunatar da mahalarta cewa har yanzu akwai biranen da mutane ke shan ruwan da ya haɗu da masai.